Adana Gine-gine da Sauyin Mazauna: Nazarin Tsarin Al'umma da Gidaje a Unguwar Georgetown ta Birnin Washinton

Tsakure

Wannan takarda ta nazarci alaƙar da ke tsakanin adana tsofaffin gidaje da sauyawar mutanen da ke zaune a cikinsu, ta hanyar ɗaukar unguwar Georgetown da ke birnin Washinton na ƙasar Amurka a matsayin zakaran gwajin dafi. An bi diddigin yadda unguwar da baƙaƙen fata suka kai kusan kashi 30 cikin ɗari na mazaunanta a 1930 ta koma matattarar mawadata farar fata cikin shekaru talatin kacal, alhali yawancin gidajenta suna nan yadda aka gina su. Takardar ta gano cewa dokoki uku ne suka yi aikin, na 1924 da 1934 da 1950, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ta ambaci launin fata.

1.0 Gabatarwa

Georgetown ta girmi birnin da take cikinsa. Majalisar yankin Maryland ce ta kafa ta a 1751 a gaɓar kogin Potomac, kan fili mai faɗin eka 60 da aka karɓa daga hannun George Gordon da George Beall, shekaru arba'in kafin a shata iyakar gundumar babban birnin tarayya a 1791. Ta ci gaba da zama gari mai magajinsa da majalisarsa har zuwa 1871, lokacin da Majalisar Dokokin Amurka ta soke takardar 'yancinta. A yau tana cikin unguwanni mafi tsada a birnin, inda matsakaicin kuɗin gida ya daɗe da haura dala miliyan ɗaya.

Mai kallon unguwar daga waje zai ɗauka cewa arzikinta gado ne da ya biyo tsufanta, wato tun fil azal masu hali ne ke zaune a waɗannan gidaje na jan bulo. Manufar wannan takarda ita ce nuna cewa tarihin bai goyi bayan wannan zato ba. Tambayoyi biyu ne za a amsa. Su wa suka zauna a Georgetown a kowane zango na tarihinta? Ta wace hanya kuma tsarin gidaje da dokokin da ke kula da su suka tace waɗanda za su zauna da waɗanda za su tashi?

2.0 Waiwayen Ayyukan da Suka Gabata

Ruth Glass (1964) ce ta fara fayyace yadda masu matsakaicin hali ke sayen tsofaffin gidajen ma'aikata a Landan, su gyara su, har mazaunan asali su watse. Wannan al'amari shi wannan takarda za ta riƙa kira mamayar mawadata. Masana sun rabu gida biyu kan musabbabinsa. Neil Smith (1979) ya jingina shi da jari: idan tazara ta yi faɗi tsakanin hayar da gida ke kawowa yanzu da wadda zai iya kawowa bayan gyara, masu zuba kuɗi za su dawo. Wannan ne ra'in giɓin haya. David Ley kuwa ya fi ba da ƙarfi ga sha'awar sabon rukunin ma'aikatan ofis masu ilimi, waɗanda suka gwammace tsakiyar gari da tsofaffin gine-gine a kan sababbin unguwannin bayan gari.

Kan Georgetown kanta, aikin Kathleen Lesko da Valerie Babb da Carroll Gibbs mai suna Black Georgetown Remembered (1991) shi ne ginshiƙi, domin ya haɗa takardun tarihi da hirarrakin tsofaffin mazauna. James Borchert (1980) ya nazarci rayuwar gidajen lungu a Washinton baki ɗaya, ya kuma musanta ra'ayin masu gyaran al'umma na wancan zamani da suka ɗauki lungunan a matsayin matattarar laifi kawai. Eileen Zeitz (1979) da Dennis Gale (1987) sun dubi yadda 'yan kasuwa da ɗaiɗaikun masu saye suka sabunta unguwar ba tare da gwamnati ta rushe ta ba. Cameron Logan (2017) ya danganta adana tarihi da launin fata da kasuwar gidaje a birnin.

Ra'ayoyin Smith da Ley duka suna da abin cewa a kan Georgetown, amma kowannensu ya bar giɓi. An gina su ne kan abin da ya faru a biranen Turai da Arewacin Amurka daga shekarun 1960 zuwa sama, alhali Georgetown ta riga ta yi nisa a wannan hanya tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Haka kuma ba su bai wa doka matsayin da ya dace da ita ba. Nan ne wannan takarda ke son ƙara nata.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

An bi hanyar nazarin takardu. Madogara ta farko ita ce alƙaluman ƙidayar jama'a da Amurka ke yi duk bayan shekaru goma tun 1790, kamar yadda masana tarihin unguwar suka tattara su. Ta biyu ita ce matanin dokokin da suka shafi filaye da gidaje. Ta uku ita ce wallafaffun ayyukan da aka ambata a sama. Iyakar nazarin ita ce yankin da dokar 1950 ta shata: kogin Potomac a kudu, rafin Rock Creek a gabas, harabar jami'ar Georgetown a yamma, sai tuddan da ke kewayen gidan Dumbarton Oaks a arewa. Da yake yankunan ƙidaya ba su zo daidai da wannan iyaka ba, an fi dogara da kaso cikin ɗari da alkiblar sauyi a kan adadi tsagwaron.

4.0 Nazari

4.1 Garin taba da bayi

Taba ce ta kafa Georgetown. Manoman Maryland na kawo ta a manyan ganguna, a duba ingancinta a rumbun gwamnati, a loda wa jiragen ruwa masu tafiya Biritaniya. A zamanin wannan ciniki aka gina manyan gidajen da ke kan tudu, irin su Evermay da Dumbarton Oaks na 1801 da Tudor Place da aka kammala a 1816, da kuma gidajen jere irin su Cox's Row a titin N.

Ƙidayar 1800 ta nuna bayi 1,449 a yankin, kuma idan aka haɗa su da 'yantattun baƙaƙe, sun kai kimanin kashi ɗaya cikin uku na jama'a. Ba a keɓe su a gefe guda ba: bawa na kwana a bayan gidan ubangidansa, ko a saman bargar dawaki, ko a ɗakin girki. Cikin 'yantattun akwai Yarrow Mamout, Bafillace Musulmi da aka kawo daga Afirka ta Yamma a 1752, ya sami 'yanci bayan fiye da shekaru arba'in yana bauta, ya sayi fili a inda ake kira Dent Place a 1800, ya kuma mallaki hannun jari a banki. Mai zane Charles Willson Peale ya zana hotonsa a 1819. Labarinsa shaida ne cewa baƙar fata ya mallaki ƙasa a Georgetown tun ƙarni biyu da suka shige. A 1816 aka kafa jama'ar cocin Mount Zion, wadda ita ce mafi daɗewa cikin majami'un baƙaƙe a gundumar. Jami'ar Georgetown ma, wadda aka kafa a 1789, ba ta tsira daga wannan tarihi ba, domin a 1838 limaman Katolika masu kula da ita sun sayar da bayi 272 zuwa gonakin Louisiana, aka yi amfani da wani ɓangare na kuɗin wajen biyan bashin makarantar.

4.2 Koma-baya da ya ceci gine-gine

Yashi ya cike mashigin kogin, manyan jirage suka daina isowa. Magudanar jiragen ruwa ta Chesapeake da Ohio, wadda aka fara haƙawa a 1828 domin farfaɗo da ciniki, ba ta isa Cumberland ba sai 1850, shekaru takwas bayan jirgin ƙasa ya riga ta. Ambaliyar 1924 ce ta ƙarasa ta. Gaɓar kogin ta koma wurin injinan niƙa, ma'ajiyar gawayi, tashar wutar lantarki da masana'antar narkar da kitsen dabbobi wadda warinta ke cika unguwa.

A daidai wannan zango jama'ar baƙaƙe ta ƙaru. Bayan dokar 'yanta bayin gundumar ta 16 ga Afrilu, 1862 da Yaƙin Basasa, yawansu ya tashi daga ƙasa da 2,000 a 1860 zuwa sama da 3,000 a 1870. Cibiyarsu ita ce Herring Hill, a gabashin unguwar kusa da Rock Creek, inda suka kafa coci-coci da makarantu da shaguna da ƙungiyoyin taimakon juna. Akwai likitoci da malamai da masu sana'a a cikinsu, amma mafi yawa leburori ne, masu wanki da guga, masu dafa abinci da direbobin keken doki. Da yawa 'yan haya ne. Wasu sun zauna a gidajen lungu, wato ƙananan gidaje masu hawa biyu da masu filaye suka gina a bayan manyan gidaje, galibi babu ruwan famfo a ciki, makewayi kuma a waje.

Abin lura a nan shi ne tasirin talauci a kan gine-ginen. A tsakiyar Washinton, inda kuɗi ke yawo, an rushe tsofaffin gidaje an gina ofisoshi da benaye. A Georgetown babu wanda ya ga riba a rushewa, saboda haka gidajen ƙarni na 18 da na 19 suka tsaya, ko da rufinsu na yoyo. Waɗanda suka riƙe su a raye tsawon waɗannan shekaru, suna biyan haya suna toshe ɓaraka, su ne talakawan baƙaƙe da farare.

4.3 Dokoki uku

Doka ta farko ita ce ta kasafin amfani da filaye. Washinton ta fara irin wannan tsari a 1920, kuma a 1924 masu gidaje a Georgetown, ƙarƙashin jagorancin John Ihlder, suka yi nasarar sa a ƙuntata gina benaye masu ɗakunan haya a titunan zama na unguwar. Hujjarsu ita ce kare kamannin wurin. Sakamakon kuwa shi ne an toshe hanya mafi sauƙi ta samar da muhalli mai arha, aka kuma tabbatar wa duk mai son sayen tsohon gida cewa ba za a dasa masa dogon bene a maƙwabta ba. Wannan tabbaci shi ne abin da mai zuba jari ke buƙata.

Masu saye suka zo da gwamnatin Franklin Roosevelt daga 1933, lokacin da ma'aikatun tarayya suka faɗaɗa, lauyoyi da masana tattalin arziki suka kwararo birnin. Georgetown na kusa da ofisoshinsu, gidajenta na da araha, tana kuma da tsufan da ke burge masu ilimi. Dillalai suka riƙa sayen gidajen haya, su sallami 'yan hayar, su saka famfo da wutar lantarki, su sayar da ninkin kuɗi. Ga giɓin haya na Smith, ga kuma sha'awar da Ley ya bayyana, sun haɗu a wuri guda shekaru talatin kafin a sa wa al'amarin suna.

Doka ta biyu ita ce ta gidajen lungu ta 1934, wadda Eleanor Roosevelt, matar shugaban ƙasa, ta goya wa baya. Dokar ta kafa hukumar da aka ɗora wa kawar da zaman lungu a birnin, kuma Ihlder ɗin nan ne ya jagorance ta. Babu shakka yanayin lungunan ya munana, kuma tarin fuka ya yi ta kisa a cikinsu. Amma yadda al'amarin ya ƙare shi ne abin nazari. A Bell's Court, wani lungu da ke kusa da Volta Place, an fitar da mazauna baƙaƙe a wajajen 1950 bisa hujjar cewa gidajen ba su dace da zaman ɗan Adam ba. Ba a rushe su ba. An gyara su, aka sauya wa lungun suna zuwa Pomander Walk, aka sayar wa masu hali. Wa'adin hana zaman lungu an yi ta ɗage shi, kuma a tsakiyar shekarun 1950, da sababbin masu gidajen suka matsa lamba, aka janye haramcin. Dokar ta yi aiki muddin talakawa ne a ciki, ta kuma sauka da mazauna suka sauya. A ganin wannan takarda, babu wata hujja da ta fi wannan nuna cewa matsalar ba ta bango da rufi ba ce, ta rashin jarin gyara ce, kuma an zaɓi a kawo jarin bayan an fitar da mutanen.

Doka ta uku ita ce dokar Tsohuwar Georgetown, wadda aka sa wa hannu a watan Satumba na 1950, shekara guda bayan buɗe babbar hanyar sama ta Whitehurst da ta ratsa gaɓar kogin ta kuma tsoratar da masu kishin tarihi. Charleston ta riga ta kafa yankin tarihi a 1931, amma na Georgetown Majalisar Dokokin ƙasa ce da kanta ta kafa shi. Dokar ta ɗora wa Hukumar Fasaha ta tarayya duba duk wani gini ko rushewa ko sauyi da za a iya gani daga titi, ta hannun kwamitin masu zanen gine-gine uku. Taga, ƙofa, rufi, katanga, duk sai an nemi izini. Ga mai kuɗi wannan ƙaramar wahala ce da ke ƙara wa kadararsa daraja. Ga tsohuwar da ta gaji gida daga iyayenta, tana rayuwa da kuɗin wanki, gyara bisa ƙa'idar hukuma ya fi ƙarfinta, harajin gida na hawa tare da darajar unguwa, masu duba gine-gine na kawo takardar gargaɗi, dillali kuma na ƙwanƙwasa ƙofa da tayi.

Alƙaluma sun nuna sakamakon. Daga kusan kashi 30 cikin ɗari a 1930, baƙaƙe sun koma ƙasa da kashi 10 a 1960. Abin ya fi fitowa fili idan aka kwatanta da birnin baki ɗaya, wanda a ƙarshen shekarun 1950 ya zama babban birni na farko a Amurka da baƙaƙe suka fi rinjaye, har suka kai kashi 71 a 1970. Waɗanda suka tashi ba su da zaɓi mai yawa, domin har zuwa hukuncin Kotun Ƙoli na 1948 kotuna na tilasta sharaɗin wariya da ake rubutawa a takardun mallakar gidaje a unguwanni da dama.

4.4 Unguwar masu mulki

Zuwa shekarun 1950 sunan Georgetown ya haɗu da mulki. Dean Acheson, sakataren harkokin waje, na zaune a titin P. Ɗan jarida Joseph Alsop na tara manya a teburinsa. Katharine Graham ta jaridar Washington Post na titin R. John Kennedy kuma daga gidansa na titin N ya tafi rantsuwar kama mulki a Janairun 1961. A 1967 aka sanya unguwar cikin manyan wuraren tarihi na ƙasa.

4.5 Tsarin jama'a da gidaje a yau

Farar fata ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, yawancin manya na da digiri, kuɗin shigar iyali kuma ya zarce matsakaicin na birnin sosai. Sai dai alƙaluman na buƙatar taka-tsantsan saboda ɗalibai. Tun 1950 ƙidayar Amurka na lissafa ɗalibin jami'a a inda yake kwana lokacin karatu, ba a gidan iyayensa ba. Wannan na rage matsakaicin shekarun mazauna a yammacin unguwar, yana kuma ƙara adadin waɗanda ake gani kamar matalauta, domin ɗalibin da ke haya a gari ba shi da albashi ko da iyayensa attajirai ne. Mai nazarin da bai ware ɗalibai ba zai ga cakuɗuwar da babu ita. Ko wannan rukuni ma na raguwa a cikin gari, domin bayan doguwar taƙaddama da ƙungiyoyin mazauna, jami'ar ta amince a 2012 ta ƙara mayar da ɗalibanta kwana cikin haraba.

Ta fuskar gidaje, abin da ya fi yawa shi ne gidan jere mai hawa biyu ko uku, siriri, bango ɗaya da maƙwabci. Ko da yake an san unguwar da salon ginin farkon jamhuriya, kaso mai yawa na gidajen an gina su ne bayan Yaƙin Basasa domin ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa. Dokar 1950 ta tsaya a abin da ido ke gani daga waje, don haka ciki ya sauya ƙwarai: gidan da a da iyalai biyu ko uku suka raba, ko mai gida da 'yan haya, yanzu na mutum biyu ne, wasu na haɗe gidaje biyu su zama ɗaya, wasu na haƙa ƙasa su ƙara ɗakuna. Ma'ana, adadin gine-gine bai sauya ba, amma adadin mutanen da kowane gini ke ɗauka ya ragu, faɗin da kowane mutum ke ci kuma ya ƙaru. Masanin tattalin arziki Edward Glaeser (2011) ya soki yawan adana gine-gine a biranen da ake rububi bisa wannan dalili, cewa ƙayyade wadata yayin da buƙata ke hawa na kai farashi sama. Georgetown ta gaskata wannan ɓangare na hujjarsa, ko da yake rushe ta ba zai dawo da iyalan Herring Hill ba.

Sufuri ma na da hannu. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin, wanda ya fara aiki a 1976, ba shi da tasha a Georgetown. An daɗe ana cewa mazauna ne suka hana don gudun talakawa, amma Zachary Schrag (2006) ya nuna cewa masu tsara layin ba su sa tashar cikin shirinsu da gaske ba, saboda zurfin da za a haƙa kusa da kogi da ƙarancin ma'aikatan ofis a wurin. Ko mene ne dalili, masu aiki a shaguna da gidajen abinci na titin M da Wisconsin, da masu aikace-aikacen gida, daga wasu unguwanni suke zuwa, kamar yadda yawancin masu ibada a Mount Zion da cocin First Baptist ke zuwa daga nesa.

Matakan da birnin ke ɗauka don samar da muhalli mai sauƙin kuɗi ba sa kama unguwar sosai. Tsarin da ke tilasta wa magina ware wani kaso na gidaje ga masu ƙaramin ƙarfi ya shafi sababbin ayyuka ne masu gidaje goma ko fiye, irin waɗannan kuwa ba kasafai ake yinsu a titunan da aka adana ba. A 2019 magajiyar gari Muriel Bowser ta sa burin gina gidaje 36,000 zuwa 2025, 12,000 daga ciki masu rangwame, tare da neman unguwannin masu hali su ɗauki rabonsu. A Georgetown filin da ya rage na sabon gini shi ne gaɓar kogi da tsofaffin masana'antu, kuma can ma kasuwa ta riga ta yi zaɓinta: rukunin Washington Harbour ya buɗe a 1986, tsohon wurin ƙona shara na shekarun 1930 kuma ya zama otal ɗin Ritz-Carlton da gidajen alfarma a 2003.